Hamajoɗa Mai Kibau da Injin Gogo

Har yau in na ga an zana kibiya a jikin bango sai gabana ya faɗi. Ni Salihu mai jakai na ga abubuwa a bakin Binuwai, amma ban taɓa ganin abin da ya kai na Hamajoɗa ba, kuma da jakina aka fara.

Shekara ta uku ke nan da yanka mana Jihar Arewa maso Gabas, kowa na rububin zuwa Maiduguri neman aiki. Hamajoɗa ya bi sahu. Bayan wata takwas sai ga shi ya dawo Jimeta da farin kwat, aljihu cike da alli, da wani rabin faifai na kwano mai lambobi a baki wanda ya ce da shi ake auna kusurwa. Wai ya karanta fiziks. Daga baya wani direba ya tsegunta mana cewa aikinsa a makarantar shi ne wanke kwalabe da goge allo a ɗakin kimiyya. A yi masa adalci, yakan karanta kafin ya goge. Sai dai daga ƙasa yake fara gogewa, saboda haka rabin sama na kowace doka kaɗai ya zauna masa a kai.

Bai bar bango ɗaya a unguwa da bai zana wa kibiya ba. Bekta yake kiran su. Ya ce duk wani ƙarfi a duniya kibiya ne, yana da tsawo, yana da inda ya dosa, kuma wanda ya iya haɗa kibau ya gama da wahala. Mu dai muka sa masa Mai Kibau, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi da zuciya ɗaya, Gogo Fadimatu, ƙanwar babansa, wadda ta rene shi tun yana rarrafe. A shekarar nan Gogo ta yi abin da ya girgiza dangi. Ta sayar da shanu uku da mahaifinta ya bar mata, har da wata ja da take kira da suna kamar 'yar cikinta, ta sayi injin niƙa. Jirgin ruwa ya hawo da shi daga kudu da cikar kogi, aka ajiye shi a wani sito a kasuwar Jimeta. A Girei za ta kafa shi, can ƙetaren ruwa, inda babu ko ɗaya. Ta riga ta aika wa matan garin cewa ranar kasuwa su jingine taɓarensu su kawo dawa. Ranar kasuwar kuwa gobe ce. Ga feri, jirgin haye da motoci, motocin gyaɗa da auduga sun yi masa layi, wanda ya shiga yau sai gata.

"Gogo, kwantar da hankalinki," in ji Hamajoɗa. "Kafin azahar injin nan yana Girei. Matan can sun yi ban kwana da turmi. Ni na faɗa."

"Allah ya yi maka albarka. Amma a bi a hankali, shanuna ne a ciki."

"Ba a hankali za a bi ba, da lissafi za a bi."

Da hantsi na kawo amalanke da jakai biyu, ƙarti shida suka ɗora injin. Jakin farko nawa ne, Ƙato, wanda ke cin dusa safe da yamma. Na biyun aro na yi, tsoho ne mai ɗingishi, in ya tsaya sai ka rantse barci yake. Na zo zan jera su gaba da baya yadda aka saba, Hamajoɗa ya daka mini tsawa.

"Salihu, aikin jahilci ke nan! Ɗaya hagu, ɗaya dama, kowa da igiyarsa."

Ya durƙusa ya zana kibau biyu a ƙasa, sun rabu kamar ƙahon sa, sannan ya ja ta uku a tsakiya, doguwa.

"Ka gani? Wannan ya ja nan, wancan ya ja can, amalanke ya bi ta tsakiya tsaf. Ba sai an kora ba."

"Kibanka tsawonsu ɗaya," na ce. "Jakan kuwa ba ɗaya ba ne."

"Jaki jaki ne. A lissafi ba a tambayar me ya karya da shi."

Na ƙyale shi, don Gogo na kallo, ta kuma riƙe haɓa tana murmushin alfahari. Aka ɗaura. Hamajoɗa ya ɗaga allinsa sama ya ce a tafi. Ƙato ya yunƙura hagu da dukan ƙarfinsa. Tsohon ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi tunani, ya mayar. Amalanke ya karkace ya bi Ƙato, Ƙato kuma ya bi hancinsa, kai tsaye rumfar Rebeka mai kunun gyaɗa, wadda ke tahowa daga unguwar Jambutu kullum da tukwanenta. Tukunya biyu suka tarwatse. Kunu ya malale har bakin hanya, tsohon jakin ya farka ya hau lasa.

Rebeka ta ɗaure zane a ƙugu ta fito da ludayi a hannu.

"Wane ne direban wannan hauka?"

"Madam, kuskure kaɗan ne a tsawon bekta."

"Bekta shi ne sunan jakin? Kira mini Bekta ya zo ya kwashe!"

"Ba za ki gane ba, abin na masu ilimi ne."

"Oga, ni na gane kunu ya zube. Kai me ka gane?"

'Yan kasuwa suka fashe da dariya. Gogo ta shiga tsakani tana ba da haƙuri da Fulatanci da Hausa, ta yi alkawarin sababbin tukwane. Rebeka ta tattara sauran kayanta ta ce yau ta tashi kasuwa, gida za ta koma kafin Bekta ya dawo. Shi kuwa gogan ya sake durƙusawa ya ƙara wa kibiyar hagu tsawo, ya dube ni ya ce, "Ka ga ai lissafin daidai ne. Da haka na zana tun farko, rumfar tata zai nuna."

Na jera jakaina yadda ubana ya koya mini, muka isa kan gangaren da ke sauka mashigin jirage ba tare da an kashe kowa ba. A nan na kwance su, don jaki ba ya sauka gangare da kaya a bayansa. Na ɗauko igiya zan ɗaure injin a jikin amalanke kafin mu saukar da hannu.

"Me za ka yi?" in ji Hamajoɗa.

"Ɗaurewa."

"Dokar motsi ta farko: abin da yake zaune zai ci gaba da zama har sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Injin nan zaune yake. Ka ga yana da niyyar zuwa wani wuri?"

Ya kama hannun amalanke ɗaya, na kama ɗaya. Taku biyar muka yi, nauyin ya fara jan mu. Taku goma, muna gudu. Ya ce in riƙe, na ce shi ya riƙe, muka saki tare. Amalanke ya gangara yana ƙara kamar an taka kare, leburori suna tsalle gefe, wani malami ya yar da butarsa ya haye tarin itace. A ƙasa tayar ta daki wani kututture, amalanke ya tsaya cak. Injin bai tsaya ba. Ya zame ta gaba, ya tashi sama kamar da wasa, ya faɗa tsakiyar dilolin auduga da ke jiran jirgi.

Gogo ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, jinin ya gudu. Muka ruga, muka duba, muka shafa. Allah ya tsare, ko ƙusa ba ta fita ba.

Hamajoɗa ya iso yana haki, idonsa na ƙyalli.

"Na tuna! Wallahi na tuna! Sauran dokar ke nan: abin da kuma yake tafiya zai ci gaba da tafiya. Kun ga yadda ya tabbata a gabanku?"

"Akwai sauran doka nawa da ba ka tuna ba?" in ji Gogo.

"Biyu ne kawai suka rage, Gogo, kuma ƙanana ne."

Wanda zai haye da mu shi ne Zadok, mutumin Numan, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa kwale-kwale a mashigin nan. Babban jirgi gare shi na katako. Aka shimfiɗa itatuwa, aka zaunar da injin a tsakiya, wannan karon Gogo da kanta ta ɗaure shi da igiyata, ƙulli uku. Zadok ya ɗauki gorarsa ya juya hancin jirgi gabas.

Duk mai haye Binuwai da damina ya san yadda ake yi. Ba a dosar ƙetare kai tsaye. Sai a bi gefen gaɓa ana dogara gora, a yi ta hawa sama har wajen wata doguwar giginya, tafiyar kusan awa ɗaya, sannan a saki jirgi a shiga tsakiya, ruwa ya kwaso ka ya sauke ka daidai mashigin can. Haka muka tashi muka tarar.

"Tsaya, tsaya," in ji Hamajoɗa. "Girei tana arewa, kai ka nufi gabas, Garwa za mu?"

"Haka ana tafiya," in ji Zadok.

"Haka ake ɓata lokaci. Dubi nan."

Ya tsinci totuwar masara ya jefa a bakin ruwa, ya bi ta a gaɓa yana ƙirga taku. Totuwa na tafiya a hankali kamar tsohuwa ta dawo daga biki. Ya zana kibiyar ruwa 'yar guntuwa a jikin jirgin, ya zana ta filafili doguwa, ya ɗora rabin faifansa.

"Digiri talatin. A karkata hanci sama da digiri talatin, ruwa ya tura mu ƙasa, filafili ya tura mu sama, su cinye juna, mu miƙe kamar zare. Minti goma sha biyar."

Zadok ya dubi totuwar, ya dube shi. "Malam, ruwan baki daban, ruwan tsakiya daban. Na baki yana gaisuwa. Na tsakiya ba ya san kowa."

"Kogi ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya."

"To kibiya ɗaya."

Zadok ya juya wajen Gogo. "Gogo, kaya naka ne. Kai za ka faɗa."

Na ga Gogo tana kokawa da zuciyarta. Rana ta yi sama, kafa inji aiki ne na yini guda, ga ɗan ɗan'uwanta tsaye da farin kwat mutane sun zuba masa ido. In ta bi Zadok, ta kunyata shi a gaban duk mashigi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A bi na yaron. Ya yi karatu."

"To," in ji Zadok. "Jirgi nawa ne, zan shiga. Amma shi direba."

Hamajoɗa ya zauna a wutsiya da filafilin juya jirgi a hammata, faifai a gwiwa. Ni da Zadok muka kama tuƙi. Na ce a ƙara mutum biyu, kayan da nauyi. Ya ce doka ta biyu ta yi maganar nauyi da ƙarfi, ya san da ita, amma a kan ruwa komai sulɓi yake, mutum biyu ma ɓarna ce.

Da fari abin ya yi kyau, har na fara jin kunyar zagin da nake yi masa a ciki. Jirgi ya miƙe, yana ta kiran "Talatin! Talatin daidai!" yana ɗaga wa mutanen gaɓa hannu. Sai launin ruwan ya sauya, ya koma ja mai kauri, na ji kamar an fizge filafili daga hannuna. Mashigin Girei da ke gabanmu ya fara zamewa dama. Ya zame, ya zame, ya ɓace.

"Ku ƙara ƙarfi!"

"Ƙarfin ke nan!"

"To arba'in da biyar! A'a, sittin!"

Ya danna filafilinsa, hancin jirgi ya juya ya fuskanci ruwa gaba da gaba. Muna tuƙi kamar za mu mutu, jirgi na tafiya da baya. Wani ƙaton icce da ruwa ya tumɓuke ya zo ya wuce mu da ganyensa, da wani zalɓe a kai yana kallonmu. Sannan muka faɗa wani wuri da ruwa ke juyawa, jirgi ya yi kewaye biyu cur. Gogo ta rungume injin ta rufe ido tana kiran sunan jar saniyarta.

"Kibiyar ruwan ce ta canza ba sanarwa," in ji Hamajoɗa. "Dole a sake awo. Ina igiya?"

Kafin mu ankara ya kwance ƙullin Gogo, ya ɗaura totuwa a bakin igiyar ya jefa, ya duƙa a cikin jirgi yana zane. Kansa na ƙasa, bai ga lokacin da Zadok ya karɓe wutsiya da ƙafa da gwiwa ba. Bai ga mun bi ta bayan wani tsibiri mai dogayen ciyayi ba. Bai ga Zadok ya lallaɓa jirgin ya fitar da mu daga bakin mutuwa ya shigar da mu wani kwantaccen ruwa da ambaliya ta cika ba. Da ya ɗago, ga gaɓa a gabanmu, ga bukkoki, ga mata suna wanki.

Ya miƙe tsaye ya gyara kwat. Na buɗe baki zan yi magana, Zadok ya taka mini ƙafa.

"Jama'ar Girei!" Hamajoɗa ya ɗaga murya. "Ku yi murna! Ilimi ya haye kogi ya zo muku! Daga yau babu macen da za ta sake ɗaga taɓarya!"

Matan suka tsaya da wanki. Maza suka fito daga inuwa. Wata mata da ke cuɗa ludayi da yashi ta ɗago kai, ta sa hannu ta kare rana.

"Kai! Ba Bekta ba ne?"

"Rebeka? Me ya kawo ki Girei? Da wane jirgi kika riga mu?"

"Da ƙafa na zo. Nan Jambutu ne, bayan gidana. Ka bar Jimeta ka sha wahala ka iso Jimeta. Sannu da hanya!"

Dariyar da aka yi a bakin ruwan nan, na tabbata an ji ta a Yola. Wata tsohuwa ta faɗi a kan wankinta tana riƙe ciki. Wani ya ce a kawo wa baƙi ruwa, sun zo daga nesa. Hamajoɗa ya dubi rana, ya dubi faifansa, ya juya shi ta baya ko zai ba da wata amsa. Kunya ta rufe shi, ba abin da yake so sai ya ga ƙafarsa a ƙasa ya ɓace. Saura kamu huɗu jirgi ya taɓa gaɓa, ya taka gefensa.

"Malam, kar ka yi tsalle," in ji Zadok. "Ba a ɗaure jirgi ba."

Ya yi tsalle.

Ƙafarsa ta tura jirgin, jirgin ya yi baya ya kwanta gefe ɗaya. Shi bai kai gaɓa ba, ya nutse cikin laka har ƙugu. Injin kuwa, da babu igiya a jikinsa, ya zame a hankali a kan itatuwan, Gogo na riƙe da shi da hannu biyu, ya fi ƙarfinta, ya tafi. Ƙarar ma ba ta da yawa. Kumfa ta taso sau uku, shi ke nan.

Dariya ta ɗauke. Gogo ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, ta zauna tana kallon wurin da ruwan ya rufe, hannuwanta a buɗe. Wallahi tausayinta ya kama ni har na ji idona ya yi zafi. Shanu uku, gadon uba, a ƙarƙashin ruwan Jambutu.

Daga cikin laka wata 'yar murya ta ce, "Doka ta uku ke nan. In ka tura abu, shi ma yana tura ka daidai yadda ka tura shi."

Zadok ya tuɓe riga ya faɗa ruwa da igiya. Allah ya sa wurin bai wuce tsayin mutum ba. Sau huɗu yana nutsewa kafin ya ɗaure. Rebeka, wadda aka fasa wa tukwane da safe, ita ta fara kama igiyar, ta kwaɗa wa unguwa kira, maza da mata suka jeru.

"Ku kasu biyu!" in ji Hamajoɗa, yana fafutukar zare ƙafa. "Rabi hagu, rabi dama, kusurwar ta zama..."

"Hamajoɗa." Gogo ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "In ka sake cewa uffan, a nan za ka kwana."

Aka ja wuri ɗaya, da waƙa, injin ya fito yana zubar da laka ta kowace kafa. Sai da aka gama da shi sannan aka tuna da mai kwat, aka jefa masa igiyar. Takalminsa ɗaya yana can har yau.

Makanikin da aka kira daga unguwar Karewa ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya ce zai tashi, amma sai an warware shi gaba ɗaya an wanke an shanya. Mako uku, in an yi sa'a. Gogo ta yi hamdala. Sannan ta ce ita ta yi wa matan Girei alkawarin gari ranar kasuwa, kuma tun da take ba ta taɓa saɓa magana ba.

Washegari da sassafe Zadok ya haye da mu, ta wajen giginya. Hamajoɗa na zaune a tsakiya. A bakin kasuwar Girei, ƙarƙashin wata tsamiya, mata sun fi talatin suna jira da ƙoren dawa. Gogo ta sa aka mirgino babban turmi, ta zaɓi taɓarya mafi nauyi, ta miƙa masa.

"Gogo, a gaban mutane? Namiji?"

"Kai ka ce babu macen da za ta sake ɗaga taɓarya. Ni na rene ka, ba zan bari ka zama maƙaryaci ba."

Mako uku yana daka. Mutane suna tahowa daga ƙauyuka don kallo kawai. Ranar da na kai wa Gogo labarin cewa injin ya tashi, na same shi ya naɗe tafin hannu da tsumma, duk sun yi bororo sun fashe. Na tambaye shi yaya doka ta uku. Ya ce, "Salihu, gaskiya ce. Duk dukan da na yi wa turmin nan sai da ya rama."

Amma hali ba ya barin mai shi. Da na duba jikin turmin, sai ga kibiya da alli, doguwa, ta nuna ƙasa. Na nuna wa Gogo, na ce in goge?

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Bar masa," ta ce. "Tun da ya dawo daga Maiduguri, ita kaɗai ce ta tafi inda ya nuna mata."